Amsa: Tafiyar Japan da ɗan jagora, wankan ruwan zafi da abincin titi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko Musulmi zai ji daɗin irin wannan tafiya. Zai ji, amma akwai abu biyu da za ka daidaita da kamfanin da ke shirya tafiyar tun kafin ka biya.

Na farko, wankan onsen, wato ruwan zafin da ke ɓulɓulowa daga ƙasa. A yawancin wurare tsirara ake shiga, maza daban mata daban. Ka nemi masaukin da ke da wurin wanka na keɓe, wanda suke kira kashikiri. A Hakone, kusa da Tokyo, ana samunsu.

Na biyu, abinci. A Dotonbori, unguwar abincin titi a birnin Osaka, ƙamshi zai ja ka, sai dai romon taliyar da suke kira ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma ana zuba mirin, mai giya a ciki, a miya da dama. Nan ne amfanin ɗan jagora: ya riƙa tambaya maka.

Tarihi kuwa, kada a gaggauta maka Kyoto, mazaunin sarki daga 794 zuwa 1868. Kwana ɗaya ba ya isa. In kun biya Kobe, ka yi sallah a masallacinta da aka buɗe a 1935.

Allah ya kai ka lafiya.