Na saka Ubuntu, bidiyo ya ƙi buɗewa, jagoran kuma ya ƙara rikita ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na saka Ubuntu 24.04 a wata laftof ta hannu da na saya, ban haɗa ta da intanet ba lokacin sakawa. Yanzu bidiyo ba ya buɗewa, Wi-Fi kuma ko alamarsa babu. Wani jagora ya ce in buɗe /etc/apt/sources.list in ƙara "multiverse", amma da na buɗe sai na tarar kusan wayam yake. Na buga sudo apt install ubuntu-restricted-extras, ta ce "Unable to locate package". Ko na ɓata wani abu ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba ka ɓata komai ba. Jagoran da ka bi, ga wata tsohuwar Ubuntu aka rubuta shi, marubucin bai ga dama ya faɗi wacce ba. Abin da ya fi ba ni haushi da irin waɗannan rubuce-rubuce ke nan. Har zuwa 22.04, adireshin rumbunan manhajoji yana cikin wancan fayil da ka buɗe. A 24.04 an yi masa ƙaura zuwa /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources, tsarin rubutunsa ma ya canza. Ka je tsohon gida ne bayan masu gidan sun tashi.

Rumbunan huɗu ne: main, restricted, universe da multiverse. Na ƙarshen nan shi ke ɗauke da kayan da lasisinsu ke da sarƙaƙiya, a can ne kunshin da kake nema yake, wato ubuntu-restricted-extras, mai ɗauke da kayan buɗe bidiyo. Galibi duk huɗun a buɗe suke zuwa, don haka ba na zargin rumbun. Abin da nake zargi shi ne jerin kaya. Ita apt, manhajar da ke saka maka kaya, ba ta leƙa intanet ta nemo suna a duk sa'ad da ka tambaye ta. Wani jeri take dubawa da ta ajiye a cikin kwamfutarka, kamar mai shago da littafin kayansa. Kai kuwa ka saka tsarin babu intanet, littafin bai taɓa cika ba. Masu rubuta jagora sun saba da matakin sabunta jerin har sun manta cewa mataki ne.

To ga yadda za ka yi. Tunda babu Wi-Fi, jona wayarka ta Android da kebul, ka shiga saitinta ka kunna USB tethering. Ubuntu za ta ɗauke ta tamkar kebul ɗin intanet, ba sai ka saka komai ba. Sannan ka buga sudo apt update don cika jerin, ka jira ta gama, ka sake gwada saka kunshin. Idan bayan haka ta sake cewa ba ta ga kunshin ba, sai ka buga sudo add-apt-repository multiverse, ka maimaita umarninka na farko. Kafin ta fara saukewa za ta nuna maka megabayit nawa za ta ci, ka duba datarka tukuna.

Na Wi-Fi kuwa, buɗe Software & Updates ka shiga Additional Drivers. Tsofaffin laftof da yawa katin Broadcom ne a cikinsu, direbansa ba ya hawa da kansa sai an zaɓe shi. Zaɓa, bari ta gama, ka kashe ka kunna.

Nan gaba, kafin ka bi kowane jagora, buga lsb_release -a. Za ta nuna maka laƙabin Ubuntu ɗinka, taka za ta ce noble. In ka ga jagora yana ambaton jammy ko focal, na 22.04 ne ko 20.04, kada ka kwafi layukan rumbunsa.

Saura wani tarko guda. Ana tsakiyar saka kunshin, allon zai rikiɗe ya nuna yarjejeniyar haruffan Microsoft, da <Ok> a ƙasa. Linzami ba ya taɓa shi, Enter ma shiru. Na ga waɗanda suka zauna rabin awa suna kallonsa, a ƙarshe suka rufe tagar, apt ta maƙale. Danna Tab, <Ok> zai yi ja, sannan Enter, ka zaɓi <Yes> a shafi na gaba. In kuma an ɗauke wuta batir ya mutu ana cikin aikin, sudo dpkg --configure -a zai ƙarasa abin da aka bari rabi.