Me ake nufi da "Mind the gap" a tashoshin jirgin ƙasa na Landan?

Ɗan'uwa, ka ce kana ta jin ana maimaita "Mind the gap" ta lasifika a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, kana son sanin ma'anarsa da asalinsa.

Gargaɗi ne: ka kula da ratar da ke tsakanin ƙofar tarago da bakin dakalin tasha. Tarago miƙaƙƙe ne, wasu dakalan kuwa a kan lanƙwasa aka gina su, kamar na tashoshin Bank da Embankment. Jirgi na tsayawa sai rata ta buɗe, wani wurin har ƙafar babban mutum tana iya zurmawa.

A 1968 aka fara sa shi da murya da aka naɗa. Na'urar ajiye sauti tana da tsada a lokacin, dole aka taƙaita maganar zuwa kalmomi 3. Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Embankment: bayan rasuwar Oswald Laurence, mai muryar wannan tasha, matarsa takan zo ta zauna don ta ji shi. Da aka canza muryar ta roƙa, aka mayar da muryar mijinta a 2013.

Inda mutane ke yin kuskure: sauka ido na kan waya, ko jan akwati ba tare da an ɗaga shi ba. Yaro kuwa a riƙe hannunsa gam. In wani abu ya faɗa ramin, don Allah kada ka miƙa hannu, akwai wutar lantarki a layin; kira ma'aikacin tasha. Mai keken guragu ma ya nemi taimakon ma'aikatan tasha tun kafin jirgi ya iso.