Tambaya da Amsa: Shin Na'urar Fesa Ruwa Ta Dace da Ɗakin Lantarki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar matsar man gyaɗa a nan Damagaram. A bazarar da ta wuce akwatin rarraba lantarkinmu ya kama da wuta cikin dare, Allah ya taƙaita, mai gadi ya katse wutar ya kashe da rairayi. Yanzu an ba ni shawarar in sa na'urar da ke fesa ruwa da kanta a ko'ina cikin ginin. Shin hakan zai wadatar? Daga wani mai karatu a Sabon Gari.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Shawarar nan ta dace da wani sashe na gininka, amma ba ta dace da wurin da gobarar ta tashi ba.

Sau da yawa irin wannan gobara tana somawa ne daga noti guda da ya saki a mahaɗar waya. Wurin yakan riƙa ɗumi a hankali, robar da ke kewaye ta koma ruwan ƙasa, ta fara wani ƙarni kamar na kifi, alhali na'urar da ke katse wuta da kanta ba za ta motsa ba, domin wutar da ke wucewa ba ta haura ƙa'ida ba. Idan aka haɗa da ƙurar hunturu da ta cakuɗe da maiƙon gyaɗa ta danƙare a cikin akwatin, ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, to tartsatsi kaɗan ya isa.

Ita na'urar fesa ruwa, kowane bakinta yana toshe da ɗan kwalba mai ruwa mai launi, wanda ke fashewa idan zafi ya kai mizaninsa: ja a digiri 68, rawaya a 79, kore a 93. Bakin da zafi ya taɓa ne kaɗai ke buɗewa. A ƙarƙashin rufin kwano a ƙasar nan ina ganin rawaya ko kore sun fi dacewa, tunda an tsara jan ne don rufin da zafinsa bai wuce digiri 38 ba. Wannan tsari ya dace da ma'ajiyar buhunan gyaɗa da ƙuliƙuli, muddin yana da tankinsa da famfo mai injin gas na kansa, domin lantarki ce ke fara ɗaukewa a lokacin gobara. Tankunan mai kuwa kumfa suke buƙata, saboda ruwa yana watsa man da ke ci.

Ɗakin lantarki iskar kashe gobara ake sa masa, domin ruwa a kan waya mai wuta yana iya kashe mutum, kuma yana lalata abin da gobarar ta bari. Iskar CO2 tana aiki sosai, sai dai adadin da ke kashe wuta, wato kashi 34 cikin ɗari zuwa sama, yana kashe ɗan Adam, don haka wajibi ne jiniya ta yi ƙara kafin a sake ta. Akwai kuma wata iskar mai suna FM-200 da ke gama fita cikin daƙiƙa 10, amma dole ɗakin ya riƙe ta kusan minti 10, abin da ba zai yiwu ba idan tagogi da ramukan wayoyi a buɗe suke. Idan aka kawo maka tsohuwar tukunyar Halon, wani sinadarin kashe gobara, da araha kada ka saya, domin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montreal ta 1987 ta kai ga daina ƙera shi.

Tunda masana'antarka ba ta kai girman matatar man fetur ta SORAZ ba, abin da zai fi maka sauƙi shi ne ƴar tukunyar iska mai siririn bututun roba da ake zagayawa a cikin akwatin kansa, wanda zafi ke hudawa daidai inda wutar ta tashi. Ka tabbatar an haɗa ta yadda za ta katse lantarki a lokaci guda, in ba haka ba wayar za ta sake kunna wutar da zarar iskar ta baje.

Kafin bazara mai zuwa ka sa ƙwararren mai gyaran lantarki ya katse wuta, ya share ƙurar, ya ƙara ɗaure kowane noti, ya toshe kafofin ɓera da ƙadangare, sannan ka rubuta wa mai gadi lambar masu kashe gobara, 18, a jikin bango.