Motar da aka ce komai nata na asali ne: amsa ga wani mai karatu a Damagaram

Alhaji, na karanta wasiƙarka, kuma na fahimci abin da ya sosa maka rai. Ka sayi Peugeot 504 Coupé ta 1972 ta hannun wani dillali a Zango, mai motar ya ce maka komai nata na asali ne, ka ƙara kuɗi saboda wannan kalma, sai daga baya bakanikenka ya nuna maka cewa an sauya fitilun baya, madubin gefe da tambarin Pininfarina, kamfanin Italiya da ya zana jikinta.

Mutane za su ce maka ka kai ƙara kan ɓoyayyen aibi, wato aya ta 1641 ta kundin dokokin farar hula na Nijar, amma ban ba ka wannan shawara ba. Ayar tana magana ne kan aibin da ke hana abu yin aikinsa, alhali motarka tana tashi, tana tafiya, fitilunta suna kamawa. Hanyar da ta dace da kai ita ce aya ta 1116, wadda ke rushe ciniki idan an yi yaudarar da ba don ita ba da mai saye bai saya ba, sai kuma aya ta 1110 kan kuskure a ainihin abin da aka saya. Sai dai doka ta ce ba a ɗaukar yaudara da zato, kai ne za ka tabbatar da ita.

A nan ne kalmar "asali" za ta ba ka wahala, domin mai sayarwa zai iya cewa yana nufin kayan da Peugeot ta ƙera, ba lallai waɗanda motar ta fito da su daga masana'anta ba. Batun fitilu ma yana da kaifi biyu. Ƙirar farko, daga 1969 zuwa 1974, tana da fitilun baya uku-uku a karkace, daga baya aka haɗe su, don haka sauyin a fili yake, kuma alƙali zai tambaye ka abin da ya hana ka gani tun kafin ka biya. Tambarin ne na fi ba muhimmanci: idan, kamar yadda ka rubuta, an manna shi da gam aka kuma dusashe ƙyallinsa don ya yi kama da tsoho, to wannan aikin hannu ne da aka yi da niyya, ba zaƙin bakin ciniki ba.

Kada ka cire ko ƙusa ɗaya. Ka sa huissier, wato jami'in shari'a mai rubuta abin da ya gani don ya zama shaida, ya zo ya rubuta halin da motar take ciki tare da hotuna, ka adana takardar ciniki, carte grise (takardar rajistar mota) da saƙonnin muryar WhatsApp da kuka yi, musamman inda aka ambaci asali. Dillalin shaida ne, ko da yake wanda ya ci la'ada ba ya saurin buɗe baki.

Bayan haka ka aika wa mai sayarwa takardar gargaɗi, ka ba shi wa'adi. Idan kana son motar, kuma na ga alamar kana sonta, ka nemi ragin kuɗi ta hanyar sulhu a gaban mai unguwa ko a fadar Sarkin Damagaram, a rubuta yarjejeniyar a sa hannu. Idan ya ƙi, babbar kotun Zinder za ta iya naɗa gwani ya duba kayan, amma ka lissafa kuɗinsa da na shari'a tukuna, domin suna iya zarce farashin madubi da tambari gaba ɗaya.