Amsa ga malamin da zai koyar da tsara hanyoyi

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce an ba ka darasin tsara manyan hanyoyi da zirga-zirgar motoci a jami'a nan Makka, kana tambayar ta ina za ka fara don kada lissafi ya kori ɗalibai.

Ni dai shawarata, ka fara da direba kafin kwalta. Ƙa'idar AASHTO, ƙungiyar jami'an hanyoyi da sufuri ta Amurka, tana ba direba sakan 2.5 tsakanin hango haɗari da taka birki. Mai gudun kilomita 100 a awa ya riga ya cinye kusan mita 70 kafin ƙafarsa ta taɓa birkin, kuma yana bukatar ganin mita 185 a gabansa kafin ya tsaya cak. Ka sa su lissafa wannan da biro, ba da kwamfuta ba. Tsawon lanƙwasar titi a ƙololuwar tudu da faɗin wurin da za a share a cikin kwana don direba ya hango gaba duk daga nan suke fitowa.

Sannan ka kai su hanyar Al-Hada mai hawa Ɗa'if, su ga yadda aka karkata titin a kowace kwana.

Zirga-zirga kuwa, ka tsayar da su a mahaɗa, su ƙirga motoci kowane minti 15, da safe sannan gab da buɗa-baki a watan Ramadan. Da idonsu za su ga cewa idan cunkoso ya wuce misali, gudu yana raguwa, adadin masu wucewa ma ya faɗi. Amma don Allah a nemi izinin jami'an kula da hanya tukuna, kuma kowa ya sa riga mai ƙyalli.