Kolestarol ya hau alhali babu ƙiba: akwai abin damuwa?

Ɗan'uwa, ka ce gwajin jini ya nuna kolestarol ɗinka, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini, ya hau alhali ba ka da ƙiba. Lamarin ya cancanci kulawa, domin siririn mutum ma yana samun wannan matsala, musamman idan ta gado ce, kuma yawanci ba ta nuna alama.

Hanta ce ke samar da mafi yawan kolestarol, jiki kuma yana bukatarsa. Ka duba takardar gwajin da kyau: wanda aka rubuta LDL shi ake kira mara kyau, domin idan ya yi yawa yana taruwa a bangon jijiyoyin jini har su ƙuntata, abin da kan jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wanda aka rubuta HDL kuwa, wato mai kyau, yana kwashe rarar ya mayar da ita hanta.

Yawan man shanu, kitsen nama, manja da soye-soye yana ɗaga LDL. Ka rage su, ka yawaita wake, kuɓewa, ganye da kifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiya da sauri ta wadatar. Shan taba yana rage HDL.

Babban kuskure ne dogaro da tafarnuwa ko jiƙo a ƙyale asibiti. Ka kai wa likita sakamakon, ya duba shi tare da awon hawan jini, sukari da shekarunka. Idan ya rubuta magani, kada ka daina sha ba da saninsa ba.