Kalmomin Turanci masu Q da ba sa buƙatar U

Tambaya: Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi, kuma ina horar da ɗalibai wasan Scrabble, wato wasan jera haruffa a kan allo don haɗa kalmomi a ci maki. Duk wanda ya ɗebo harafin Q sai ya riƙe shi yana jiran U har wasa ya ƙare. Shin akwai kalmomin da ake rubutawa da Q ba tare da U ba, kuma ta yaya zan koyar da su?

Amsa: Malam, akwai su, kuma jiran U asara ce, domin a cikin haruffa 100 da ke jakar wasan Q guda ɗaya ce mai maki 10, U kuwa huɗu ne kacal, kuma babu tabbacin ɗaya daga cikinsu za ta zo hannun ɗalibinka. Idan wasa ya ƙare Q tana hannunsa, za a cire masa makin nan goma.

Ka fara da QI, wadda kundin kalmomin Collins, wanda ake amfani da shi a gasannin Najeriya, ya amince da ita. Haruffa biyu ne, amma idan aka ɗora Q a gidan da ke ninka harafi sau uku, ta yadda QI za ta fito a kwance kuma ta fito a tsaye, an sami maki 62 a ɗorawa ɗaya. Bayan ta sai QAT, sannan QADI da QAID, waɗanda haruffansu iri ɗaya ne, jerinsu kawai ya bambanta.

A nan ne nake ganin yaranmu sun fi na wasu ƙasashe sa'a, domin da yawa daga cikin kalmomin nan Turanci ya aro su ne daga Larabci, kuma ɗalibin da ya yi makarantar Islamiyya ya riga ya san ma'anarsu. QIBLA ita ce alƙibla, NIQAB niƙabi, WAQF waƙafi, FIQH fiƙihu, TALAQ saki, FAQIR kuma faƙiri. Abin da ya rage masa shi ne rubutun, kuma a nan ya kamata ka tsananta, saboda harshen Bahaushe yana son cusa wasali tsakanin baƙaƙe, alhali WAQF da FIQH wasali ɗaya ne a kowacce. Ka kuma gargaɗe su cewa IRAQ da QATAR ba sa karɓuwa, tunda sunayen ƙasashe ne.

Game da koyarwa, ban goyi bayan haddar ƙamus daga farko zuwa ƙarshe ba. Gara ka riƙa ba ɗalibi haruffa bakwai da Q a ciki, ka ce ya nemo abokan tafiyarta, wato I, ko A da T, ko A da D da I, har idonsa ya saba gane su nan take. Wellington Jighere, ɗan Najeriyar da ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ya isa misalin da za ka ba su na inda horo ke kai mutum. Idan kuwa babu hanyar ajiye Q, doka ta yarda a musanya ta a madadin ɗorawa, matuƙar haruffan da suka rage a jaka sun kai bakwai.